Bayan dashen hanji: wane shiri za mu yi kafin maigida ya dawo Legas?

"Assalamu alaikum Likita. Maigidana ɗan kasuwar tumatir ne a Mile 12, muna zaune a Agege. Bara hanjinsa ya murɗe ya ruɓe, aka yanke kusan duka, ya koma sai ta jijiya ake ba shi abinci. 'Yan'uwa da abokan kasuwa suka haɗa kuɗi aka kai shi Indiya, aka yi masa dashen ƙaramin hanji wata huɗu da suka wuce. Ƙaninsa ne ke jinyarsa a can. Yanzu yana ci da bakinsa, kuma sun ce watan gobe zai dawo gida, amma da wata jaka manne a cikinsa wadda bayan gida ke zuba a ciki. Ni ce zan karɓi jinyar. Me zan riƙa dafa masa? Yaushe zai koma kasuwa? Zai iya azumi? Kuma jakar nan ta zauna ke nan?"

Wa'alaikumus salam Hajiya. Sannu da ɗawainiya, Allah Ya ƙara masa sauƙi, Ya saka wa waɗanda suka tallafa. Kin tambayi abinci, kasuwa, azumi da jaka, kuma duk zan taɓa su. Sai dai abin da ya fi damuna game da maigidanki shi ne ranar da cikinsa zai ɗan ɓaci, ya yi zawo ko ɗan zazzaɓi, wani ya ce taifot ne a je kemis. A kan wannan ranar zan fi daɗewa.

Ki san matsayina tukuna. Ni likitan ciki da hanji ne a nan Legas, ba ni nake yin dashe ba, kuma dashen hanji ba aiki ba ne da asibitocinmu suka saba yi. Masu dashen hanjin da na bi lafiyarsu bayan sun dawo ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Masu dashen ƙoda, waɗanda ke shan irin maganin da zai sha, su na fi gani. Ban ga maigidanki ba, ban ga takardunsa ba, don haka duk inda maganata ta saɓa da ta likitocin da suka yi masa aiki, tasu za ki ɗauka.

Abin da ya sa hanji ya fi wuyar riƙo

Ƙaramin hanjin babban mutum yana kai wajen mita 6, kuma shi ke tsotse amfanin abinci da ruwa ya kai cikin jini. Banda wannan, babban sansani ne na garkuwar jiki, ga shi kullum cike da ƙwayoyin cuta. Idan aka dasa ƙoda, baƙo ne mai tsabta ya shigo gida. Idan aka dasa hanji, baƙo ne ya zo da dakarunsa da dattinsa. Shi ya sa jiki ya fi saurin ƙin sa, shi ya sa kuma ake ba mai shi maganin danne garkuwa fiye da sauran masu dashe, wanda hakan ke buɗe wa cututtuka ƙofa.

Aikin ma bai daɗe da kankama ba. Sai a 1988 aka fara samun nasara mai ɗorewa, a Kiel ta Jamus da kuma Landan ta jihar Ontario a Kanada. Daga 1990 ne abin ya miƙe, bayan da Thomas Starzl da abokan aikinsa a Pittsburgh ta Amurka suka shiga amfani da maganin danne garkuwa mai suna takrolimus. Har yau a Amurka kusan 100 kawai ake yi a shekara, alhali dashen ƙoda ya haura 25,000. Rahoton rajistar dashen hanji ta duniya na 2015 ya nuna kashi 76 cikin 100 na waɗanda aka yi wa suna raye bayan shekara 1, kashi 56 bayan shekara 5, kashi 43 bayan shekara 10. Ban kawo alƙaluman nan don in karya miki gwiwa ba. Rai na Allah ne, kuma wanda ya kai wata huɗu yana ci da bakinsa ya haye babban kogi. Na kawo su ne don idan dangi suka fara cewa ai ya warke, a sassauta, ki san abin da za ki ce musu.

Jakar

Ga mafi yawan mutane ba ta zauna ba. Likitoci sun fito da bakin hanjin ta fatar ciki da gangan, suna kiran wurin sitoma, don ya zama tagar da za su riƙa leƙawa. Idan ƙoda ta fara samun matsala, gwajin jini kan tona ta. Hanji ba shi da gwajin jinin da za a dogara da shi haka. Sai an zura siririn bututu mai kyamara ta wannan kafa, a duba bangon hanjin, a gutsuro ɗan nama kamar ƙwayar gero a kai ɗakin gwaji. A makonnin farko ana yin haka har sau biyu a mako, sannan a riƙa ja da baya. Idan komai ya lafa, galibi tsakanin wata 3 zuwa shekara guda, sai a yi wani ƙaramin aiki a rufe kafar ya koma bayan gida yadda ya saba. Ki sa ƙaninsa ya tambaye su tun yanzu: yaushe za a rufe, kuma a can ne ko a nan? Amsar ita za ta gaya muku ko akwai kuɗin wata tafiya a gabanku.

Sitoma mai lafiya ja ce, mai danshi, kamar cikin kumatu. In ta yi duhu, ko ta koma fari fat, ko tana zubar da jini fiye da ɗan ɗigon da gogewa ke jawowa, asibiti za a nufa. Ruwan da ke fita yana cin fata, don haka a yanka bakin jakar daidai da girman sitomar, kada a bar fili. Zufar Legas kuma tana sa mannin ya saki kafin lokacinsa. Ya taho da jakunkuna masu yawa, don samun irin tasa a nan ba kullum ba ne.

Zawo a wurinsa ba ƙaramin abu ba ne

Ki sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, da jug mai alamar mililita, da ma'aunin zafi, da sikelin awon nauyi. Duk sanda aka juye jakar, a auna a rubuta. Wata baiwar Allah da na bi lafiyar mijinta ba ta ma nemi jug ba. Gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi ta yanke wa kai, ta zazzana mata layi da alƙalamin maka, ta rataye littafin da zare a bayan ƙofar banɗaki. Ranar da ta zo ta buɗe mini shafi na ga 900, 950, 900, sai kwatsam 1,700, ban jira wani gwaji ba kafin in ɗaga waya. Mutumin yana zaune yana ta hira, ya ce shi lafiyarsa ƙalau.

Haka abin yake zuwa. Idan jiki ya fara ƙin hanjin, alamar farko sau da yawa ita ce ruwan jaka ya ƙaru ya tsinke. Daga baya zazzaɓi, kumburin ciki, murɗa, tashin zuciya ko amai su biyo. Matsalar ita ce waɗannan alamun su ne dai na ƙwayar cuta a hanji, kuma maganin biyun kishiyoyi ne: in jiki ne ke ƙin dashe, ƙara danne garkuwa ake yi, in ƙwayar cuta ce, wani lokaci ragewa ake yi. Mai kemis ba zai iya bambance su ba. Ni ma da ido ba zan iya ba, sai an leƙa an gutsuro an gwada. Idan aka kama ƙin dashe da wuri, yawanci allurai masu ƙarfi na 'yan kwanaki suna kwantar da shi. Idan aka bar shi kwana huɗu ko biyar ana shan maganin taifot, bangon hanjin na iya saɓulewa, ƙwayoyin cuta su tsallaka cikin jini, a rasa hanjin ko a rasa mai shi.

Likitocinsa za su ba ku adadin da in ya wuce a kira su. Abin da nake gaya wa nawa majinyatan shi ne, in ruwan jaka ya ƙaru da rabin abin da ya saba a yini guda, ko zafin jiki ya kai 38, ko fitsari ya ragu ya yi duhu, ko amai ya hana magani zama, a ranar za a zo, ko da tsakar dare ne, ko da ranar Sallah ce. Zazzaɓin na iya zama na cizon sauro, kuma za mu gwada, amma samun maleriya a jini bai wanke hanji daga zargi ba. Sabbin ƙuraje a tafin hannu, tafin ƙafa ko ƙirji su ma a nuna su, don wani lokaci dakarun da suka zo da hanjin ne ke juyowa kan mai gida.

Magani da agogo

Takrolimus shi ne ginshiƙi, kuma har ƙarshen rayuwa zai sha. Irin wanda aka fi bayarwa sau biyu ake sha a rana, tsakaninsu awa 12 cif, kuma a tsayar da tsari ɗaya game da abinci: in kafin ci da awa guda ake sha, kullum haka. Ga wani abin da mutane ke mantawa. Indiya ta riga mu da awa huɗu da rabi, wato ƙarfe 8 na safe a can, 3:30 na dare ne a Agege. Kafin ya hau jirgi su rubuta masa yadda zai matsar da lokacin a hankali. In ya manta bai sha ba, kada ya haɗa biyu a lokaci guda, a kira a tambaya.

Tazarar da ke tsakanin ya yi kaɗan da ya yi yawa a jini ƙanƙanuwa ce, shi ya sa ake yawan auna shi. Jinin gwajin kuwa daf da shan na safe ake ɗiba, kafin a sha. Mai fitowa daga Agege zuwa Ikeja ko Idi-Araba da safe ya san halin hanya, don haka ya yi sammako da ƙwayar a aljihu, ana zare allura ya haɗiya. In ya sha a gida sannan aka ɗibi jini, sakamakon zai fito sama, likita ya rage magani a kan kuskure. Wani abin mamaki kuma, zawo kan ɗaga takrolimus a jini maimakon ya sauke shi, don haka kada wani ya ce ai maganin ya bi zawo a ƙara masa.

Magunguna da yawa na kemis suna rikita shi. Wani mai dashen ƙoda ya taɓa zuwa mini hannu na karkarwa, shayi na zuba daga kofi, ƙodar da aka sha wahalar samu tana neman tsayawa. Da na bi diddigi, tari ya yi aka ba shi kilaritromaisin. Wannan maganin na kashe ƙwayoyin cuta, da eritromaisin da fulukonazol, duk suna ɗaga takrolimus, haka ma lemun garehul. Rifamfisin na tarin fuka kuwa zubar da shi yake yi ƙasa warwas, dashe ya zauna ba mai gadi. Diklofenak da ibuprofen, waɗanda 'yan kasuwa ke sha kamar gyaɗa saboda ciwon jiki, ya yi sallama da su. Jiƙe-jiƙe, maganin basir, maganin shawara, agbo da ake yawo da shi a robobi, duk a ajiye. Ba raina na gargajiya nake yi ba, ba mu da hanyar sanin abin da kowanne zai yi wa ma'aunin ne, kuma shi ba shi da hanjin gwaji. Kamfanin maganin ma kada a canza shi don an samu mai araha, sai da sanin likita da sabon gwaji. Ku sayi mai lambar NAFDAC a babban kantin magani, ku riƙa ajiye na wata uku a gaba, don ranar da dala ta tashi ko kaya suka yanke kada ta same ku hannu wofi. Wannan magana ce da ya kamata dangi su zauna a kanta, domin kuɗin aiki sau ɗaya ake tarawa, na magani kuwa kowane wata ne.

Za a haɗa masa da wasu: firednisolon, Septrin don kare huhu, da maganin wata ƙwayar cuta ta bairus da ake kira CMV, na wasu watanni. Za a riƙa gwada jininsa don CMV da wata bairus ɗin mai suna EBV, ita ta biyun tana iya jawo wata irin sankara ga wanda aka danne wa garkuwa, shi ya sa kaluluwa a wuya ko hammata da ta ƙi tafiya ba abin shiru ba ce. Takrolimus kansa kan kawo hawan jini, ciwon sukari da raguwar sinadarin magniziyam, duk ana bibiya.

Ƙoda, ruwa da tukunya

Wani bincike da aka buga a 2003, wanda Farfesa Akinlolu Ojo, ɗan Najeriya da ya yi karatun likitanci a Jami'ar Legas, ya jagoranta a Amurka, ya gano cewa cikin masu dashen sassan jiki banda ƙoda, masu dashen hanji ne suka fi fuskantar lalacewar ƙoda: kashi 21 cikin 100 a shekara 5. Dalili biyu ne suka haɗu, magani mai matsa wa ƙoda da kuma ruwan da ke tsiyayewa ta jaka. Ga zafin garinmu a kai. Ruwa zalla ba ya maye abin da ya fita, wani lokaci ma ƙara gudu yake sa hanji. Ruwan gishiri da sukari na sacet, wato ORS, shi ne abokin tafiyarsa, a dama da tafasasshen ruwa, ya riƙa kurɓa a hankali duk yini. Lemun kwalba, zoɓo mai zaƙi da shayin da aka cika wa sukari da madarar gwangwani suna jawo ruwa cikin hanji su tsinka shi.

Abinci kuwa kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a rana, ya fi a cika kwano sau biyu. Tuwon shinkafa mai laushi, farar shinkafa, dankali, doya, kunun da ba a cika wa sukari ba, kifi, kaza da ƙwai da suka dahu sosai, miyar kuka ko ta kuɓewa da ɗan mai kaɗan. A makonnin farko ana hana maiƙo saboda an yanke hanyoyin da ke ɗaukarsa daga hanji, sai sun sake haɗuwa. A wata na biyar ya kamata a ce an sassauta, amma ki ƙara mai da yaji sannu a hankali, abu ɗaya sabo a lokaci guda, ki duba littafinki washegari. Muddin sitoma na nan, ya tauna da kyau, ya yi hankali da gyaɗa, masara, aya da ganye mai zare, don suna iya toshe kafar.

Abin da zan hana kai tsaye shi ne duk abin da bai fito daga wuta yanzu ba ko ba ki san hannun da ya yi shi ba. Fura da nonon talla, kunun aya, kwaɗon ganye, salak, yankakkiyar kankana ta bakin titi, ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba, kilishi da tsiren da ya kwana a faranti. Na san hana mutumin Agege tsire ba ƙaramar shari'a ba ce. Ki gasa masa a gida ya ci da zafinsa. Ruwan sha a tafasa, har da na leda in ba ki amince da shi ba. Kwalarar da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024 ta isa tunatarwa.

'Yan dubiya, yara da kasuwa

Mutanen da suka haɗa kuɗi za su so su gan shi, kuma suna da haƙƙi. Ki sa ƙaninsa ko wani babba ya tsaya a ƙofa, don ke ba za ki iya korar abokan miji ba. A zauna a waje inda iska ke kaɗawa, biyu-biyu, a wanke hannu, a gaisa daga nesa, mai mura ko tari ya yi dubiya ta waya. Gidan sauro kowane dare. Kaji, tattabaru da ragon layya a bar wa yara su kula da su.

Shi ba za a yi masa rigakafi mai rayayyar ƙwaya ba, irin na zazzaɓin shawara ko ƙyanda. Katinsa na rigakafin zazzaɓin shawara da ya yi tafiya da shi ku adana shi da kyau, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har abada. Yaranku kuwa a yi musu rigakafinsu cikakke, kariya ce gare shi. In an ɗiga wa ƙarami maganin shan inna a baki, ƙwayar kan fita a kashinsa na wasu makonni, don haka maigida ya nisanci wankin kashin yaro, kowa ya dage da sabulu, kuma ki tambayi asibiti ko akwai na allura.

Kasuwa fa? Ni ba zan bar shi ya shiga Mile 12 ba kafin a rufe sitoma, kuma ko bayan nan sai likitocinsa sun yarda, galibi ana maganar wata shida zuwa shekara daga ranar aiki. Kin san wurin: taɓo, kwandunan ruɓaɓɓen tumatir masu furfura, turereniya. Furfurar nan in ta shiga huhun wanda aka danne wa garkuwa, cuta ce mai wuyar magani. Ɗaga kwando kuma na iya ɓalle ɗinki ya bar masa ƙaba. Amma kada ki bar shi kwance yana ƙirga rufi. Ya yi ciniki ta waya, yaransa su karɓi mota, shi ya riƙe lissafi. Ya riƙa tattaki safe da yamma yana ƙara nisa. Namijin da ya saba fita tun asuba, aka ce ya zauna da jaka a ciki, zuciyarsa kan karye, wani ya daina magana, wani ya koma faɗa. In kin ga haka ki faɗa wa likita, yana cikin jinyar.

Azumin bana dai a'a, kuma muddin jaka na nan a'a. Yinin azumi a Legas ya haura awa 13, ya zarce tazarar maganinsa, ga ƙoda ba ruwa. Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara. Maganar ramuwa ko ciyarwa, da yadda zai yi alwala da salla da jaka, ku kai wa malaminku, akwai hukuncin mai larura.

Kafin ya sauka a Ikeja

Kada ya taso sai an san likitan da zai karɓe shi a nan da sunansa da lambarsa, kuma likitocin Indiya sun yi magana da shi kai tsaye. Manyan asibitocin koyarwa, LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, suna da likitocin ciki da na ƙoda, kuma tun 2000 ake dashen ƙoda a Legas, don haka akwai waɗanda suka san takrolimus. Ki je da ƙafarki ki tambaya: ina ake auna takrolimus, kwana nawa sakamako ke ɗauka? In ruwan jaka ya ƙaru ranar Asabar, wa zai leƙa hanjin, kuma wa zai karanta naman da aka gutsuro? Karanta naman dashen hanji ƙwarewa ce ta daban, sau da yawa sai an ɗauki hotonsa an tura wa waɗanda suka yi aikin. In sakamakon takrolimus sai ya yi mako guda kafin ya fito, a nemi wani ɗakin gwajin tun yanzu.

Ya taho da cikakken rahoton aikin, jerin magunguna da adadinsu, sakamakon gwaje-gwajen ƙarshe, jadawalin ranakun komawa, da lambar da ake samunsu dare da rana. Ki yi kwafi uku, ɗaya a jakarki, ɗaya a wurin ƙaninsa, ɗaya a waya. Fasfo da biza su kasance a shirye, a kuma ware kuɗin tikitin gaggawa da ba a taɓawa. Magungunan kuma a jakar hannu zai riƙe su cikin jirgi, kada su bi akwatin da zai iya kwana a Addis Ababa ko Doha.